Gwaggo Ta Ɗaure Kayanta, Hannun Kuwa Bai Warke Ba

Assalamu alaikum, Hajiya Asibi. Don Allah ki agaza mini da shawara, kuma da wuri, domin Gwaggona ta ɗaure kayanta ta jingine bayan ƙofa, ni kuwa wuraren da na sani a Kano sun ƙare.

Ni 'yar Durun ce ta ƙasar Kabo, aure ne ya kawo ni Rijiyar Zaki. Gwaggo Uwaliya yayar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ban san wata uwa ba sai ita. Da kakar bana maraƙi ya fizgi igiya a hannunta, ta faɗi ta karye a wuyan hannun dama. Yayana Ja'afar, wanda suke gida ɗaya, ya so a kai ta wurin maɗori. Ni na kafe sai asibiti, na kuma yi nasara, don in na sa abu a gaba ba na waiwaye. An cire filasta, ƙashi ya haɗu, amma yatsun sun ƙage. Likita ya ce sai an yi ta gashin ƙashi duk mako na wasu watanni, kuma in aka yanke a tsakiya hannun zai iya sandarewa a haka. Ko rabi ba mu yi ba.

Hajiya, ba yabon kai ba, na riƙe Gwaggo riƙon da ko 'yar cikinta sai haka. Na ba ta ɗaki mai fanka da katifa sabuwa. Ko cokali ban yarda ta ɗaga ba. In ta nufi tsintsiya na riga ta, in ta leƙo kicin na mai da ita kan kujera na kunna mata talabijin. Matar da ta yi shekaru tana tatsa da daka saboda ni, ai yanzu lokacin hutunta ne. Kuma ina da dangin miji masu ido, ba zan so a ce na kawo tsohuwa mai karaya na mai da ita 'yar aiki ba.

Da na ga ta fara shiru, sai na ce bari in nuna mata gari. Mutane daga ƙasashe suke zuwa kallon Kano, ita kuwa ba ta taɓa wuce asibiti da tasha ba. Maigidana Abdulnasir ya ba mu mota. Mun je gidan namun daji, ta tsaya gaban barewa tana kiranta da irin kiran da take yi wa 'yan maruƙa, na janye ta kada ta miƙa hannu. Mun je Gidan Makama, ta ga ƙore da mazari irin na dā, ta kai hannu za ta shafa, na riƙe ta. Mun je wani babban kantin zamani mai na'urar sanyi, ta ce ƙafarta na tsami. Dutsen Dala daga ƙasa muka kalle shi, kasuwar Kurmi kuma ta gilashin mota, saboda cunkoso kada a buge mata hannu. Duk inda muka je sai ta ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka, sannan ta tambayi ko ba mu koma gida ba.

Wani abu ma ya faru da ya ba ni haushi. Na dawo daga unguwa na tarar ta warware wani tsohon buhun shinkafa, ta zare tsinkayen sabuwar tsintsiyata, tana ta fama da basilla wai za ta saƙa faifai. Ɗinkin duk ya karkace. Ga ƙanwar maigidana zaune tana kallo. Na karɓe da dariya, na ce in faifai take so gobe zan sayo mata guda goma, na jefa shi saman kwaba. Tun ranar ta rage cin abinci, ta koma zama a bakin get tana kallon motocin Gwarzo, masu bin hanyar garinmu, suna wucewa. Shekaranjiya ta kira Ja'afar ta ce ya zo ya ɗauke ta, hannun ya tsaya yadda Allah ya so. Shi kuma dama abin da yake jira ke nan, har yana gaya mini wai na tsare tsohuwa kamar kazar gidan gona.

Ni na san ban yi laifi ba, kuma na tabbata in na samu wurin da ya burge ta za ta zauna. Ke kin san lungu da saƙo na birnin nan. Ina ne sauran wuraren da ba kowa ya sani ba? Tsorona ɗaya ne, kada hannun da ya goye ni ya mutu ina kallo.

Taki,
'Yar Durun a Rijiyar Zaki

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka miki da alheri, ya ba Gwaggo lafiya. Zan ba ki wuraren da kika tambaya, amma ki sake karanta wasiƙarki tukuna. Sau nawa Gwaggo ta miƙa hannu, sau nawa kika janye shi? Wurin barewa, wurin ƙore, wurin tsintsiya, wurin faifai. Kin kawo ta Kano don hannu ya motsa, kin kuma zama mai gadin hana shi motsi.

Kina da gaskiya a kan asibiti, kada ki ja da baya ko taku ɗaya. Ja'afar ma yana da tasa gaskiyar, duk da bakinsa ya yi kaifi. Mace irin Gwaggo, wadda ta saba rana ta fito ta same ta a tsaye, ba ta jin hutu a matsayin gata. Ji take an gama da ita. Mu nan mun ɗauka girmama baƙo shi ne a zaunar da shi a hana shi komai, kuma hakan daidai ne ga baƙon kwana biyu. Wanda zai yi watanni kuwa, zaman yana cinye shi.

Ranar gashi mai zuwa ki shiga tare da ita, ki gaya wa mai yi mata gashin irin ayyukan da ta saba, ki tambaye shi wanne ya halatta yanzu, wanne sai gaba. Daka da ɗaukar nauyi wataƙila ya ce a dakata. Aikin yatsu kuwa, zan yi mamaki in bai yi murna da shi ba. Abin da ya ce shi za ki bi, ba nawa ba, ba na dangin miji ba.

In ya ba da izini, ga Kanon da ban ga kin kai ta ba, wadda ba a kallonta ta gilashi. Ki je da ita marinar Ƙofar Mata da safe kafin rana ta yi zafi, ki riƙe farin yadi a jaka. Yawancin masu zuwa hoto suke ɗauka su wuce. Ke ki yi sallama, ki gaisa da marina gaisuwa ta mutunci, ki roƙi a haɗa ku da matan da ke ƙulla zane kafin a tsoma shi a baba. Ƙullin nan aikin yatsu ne zalla, a zaune ake yin sa, ana hira. Gwaggo ta ƙulla nata, a rina mata, ta ga yadda yake fitowa kore-kore iska ta mai da shi shuɗi, sannan ku bi shi wurin mabuga. Ranar da ta ɗaura zanen da ta ƙulla da hannunta, ki zo ki ba ni labarin fuskarta.

Kurmi kuma a ƙafa ake shigarta. Ki rataya mata hannun a majanyi, ki tsaya ta ɓangarensa, ku nufi layin masu ƙore da fayafai. A can ba mai hana ta shafawa. Ki bar ta ta ƙwanƙwasa ƙwarya, ta kushe saƙar da ba ta yi mata ba, ta yi ciniki har mai kaya ya gaji. Ki saya mata kaba mai launi, ki kuma yi shiru ko da kin ga an ɗan tsawwala.

Ƙafafunta lafiya lau suke, karaya a hannu take. Dala ana hawansa, a hankali, ana hutawa. In taron can ya yi muku yawa, ga Goron Dutse. Daga sama ki nuna mata yamma, ki ce ga hanyar Kabo can. Akwai kuma masu renon dashen itatuwa a bakin tituna, ta zaɓi zogale ko lemo ta dasa a tsakar gidanki, ban ruwan ya zama nata. Da yamma ku taka zuwa inda ake sayar da nono da fura a unguwarku. Ba za a rasa 'yan wajen Gwarzo a cikinsu ba, kuma hirar shanu ta rabin yini za ta yi mata abin da talabijin bai yi ba.

Shi Ja'afar, maimakon ku yi ta ja-in-ja, ki ba shi aiki. Ya saka mata ƙwaryarta da ciyawar saƙa a motar Gwarzo, ki karɓa a Kabuga. Kabo ba nisa gare ta ba. Tsakanin gashi da gashi ki kai ta ta kwana ɗaya ta ga shanunta, da sharaɗin shi zai dawo da ita da kansa. Wanda ya san zai je gida ya dawo ba ya ɗaure kaya bayan ƙofa. Dangin miji kuwa, in sun yi magana ki ce umarnin likita ne, ki ci gaba da abin da kike yi.

Amma duk wannan na gobe ne. Na yau yana saman kwabarki. Ki hau kujera ki sauko da faifan nan, ki kakkaɓe shi, ki durƙusa ki miƙa mata da basillarta. Kada ki yi dogon ban haƙuri, kunya za ki sa ta. Ki ce kawai ba ki da abin rufe fura, kina so ta ƙarasa miki. In ta gama, ko ya karkace kamar me, ki rufe furar da shi a gaban duk baƙon da ya shigo gidan.

Kin ce kina tsoron hannun da ya goye ki ya mutu. To ki sake shi ya yi miki aiki, 'yata, don abin da ya sani ke nan. Allah ya ba Gwaggo Uwaliya lafiya mai ɗorewa, ya bar ku tare, ya sa ki ga yatsun nan suna tatsa da daminar baɗi.

Hajiya Asibi