Jirgin da Ba a Rufe wa Ido Ba

Garin Sai Kau,
Tsakiyar watan huɗu.

Zuwa ga Yayana Kin-Wa,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawa. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Yaya Mei-Kwan da 'yar lelenmu Siu-Yin, wadda har yanzu a hoto kawai na san ta. Mai Sama ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a tukunyarku, ya kare ka daga zafin murhu da sanyin birnin Lima da kake yawan kuka da shi. Mu nan lafiya, gwargwadon hali. Baba yana fama da tafkin kifinsa, ciwon gwiwar ya lafa tunda zafi ya shigo. Mama ta fara cin abinci sosai, har ta ɗan murmure. Kaka kuwa kunne ya ƙara nauyi amma baki yana nan da kaifinsa, jiya ma sai da ya kori mai tallar taliya wai romonsa ruwan wanke-wanke ne.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Abin da nake son faɗa maka ne ba ya faɗuwa a waya, don da na ji muryarka sai harshena ya ɗaure, kai ma sai ka koma tambayar lafiyar kifin Baba. Magana ce ta ƙanenmu Fai, da jirgin dodon kwalejinmu, dogon kwalekwalen tseren nan mai kan dodo a gaba, wanda bana aka ɗora mini shugabancin masu tuƙa shi. Ka san iya abin da aka faɗa maka: bayan bikin tseren jirage na bara muna atisaye da sassafe, wani babban jirgin yashi ya wuce, igiyar ruwansa ta kifar da mu, kowa ya taso ban da mai gangarmu, Fai. Abin da ya biyo baya ne ban taɓa ba ka labari ba.

Ni ce a bencin farko, daidai ƙafar mai ganga, kuma filafilina ne duk na baya suke kallo. Fai yana da kiɗansa da babu mai irinsa. Zai buga sau biyu a fata, sannan ya ɗan ƙwasa bakin katakon gangar, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. A wannan ɗan ƙwas ɗin muke jan numfashi kafin mu sake soka filafili a ruwa. Da muka dawo hutu, kusan rabin tsofaffin 'yan jirgi sun janye, muka cike gurbinsu da sababbin ɗalibai, ganga kuma ta faɗa hannun wata 'yar shekarar farko mai suna Yuk-Ling, siririya, mai kiɗa tsaf babu kuskure. Tun ranar jirgi ya ƙi tafiya miƙe. Mu tsofaffi mu dakata muna jiran ƙwas ɗin da ba zai zo ba, sababbi kuwa sun riga sun shiga ruwa, sai filafilai su yi ta karo, jirgi ya karkata ya nufi ciyawar gaɓa. Mai horar da mu, Malam Poon, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin dodon da kaguwa ta fi shi sanin hanya ba. Daga baya ya kira ni gefe ya ce ba wasa yake ba, in jirgin bai miƙe ba kafin a rufe rajistar gasar biki, zai shaida wa kwaleji a rushe ƙungiyar a ba wasu rumfar jirgin, don shi ba zai sake tsayawa a gaɓa yana lissafin kawunan yara a ruwa ba.

Ka san ƙanwarka da taurin kai. Babu abin da ban gwada ba. Na cakuɗa wuraren zama, na sa kowane tsoho ya riƙe sabo ɗaya, na tara su cin tukunyar romo ranar Asabar. A banza. A ɗakin cin abinci tebur biyu suke yi. Tsofaffi su ce kiɗan Yuk-Ling kamar agogon asibiti ne, babu rai a ciki. Sababbi su ce su dai an kawo su tuƙi da fatalwa ba a gaya musu ba. Dayong, ƙaton nan mai riƙe mana wutsiyar jirgi, wanda muke kira Ɗan Arewa, a da shi ne sarkin barkwancinmu, amma tun ranar da ya yi ta nutso yana neman Fai har aka janye shi da ƙarfi, bakinsa ya mutu.

Yaya, ni ma ina jin kiɗan. Ina jinsa a bututun ruwan ɗakin kwananmu, a ƙafar jirgin ƙasa, a wuƙar mai dafa mana abinci in tana saran kabeji. Da safe in hazo ya kwanta a kan kogi, in na ɗaga kai, jar hularsa nake hangowa a saman ganga. Kuma ban ji tsoro ba ko sau ɗaya, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali. Sauri nake yi in isa bakin kogi kamar wadda aka ce ana jiranta.

Da na zo gida sharar kaburbura ta shekara-shekara, bayan mun share na Fai mun kunna masa turare, sai na nuna wa Kaka hoton jirginmu a waya don in ɗan ɗauke masa hankali. Ya kai wayar har bakin hancinsa, ya tambaye ni hoton yaushe ne. Na ce na makon jiya. Ya ce to me kan dodo yake yi a jikin jirgi a wannan wata, ido buɗe? Na ce shugaban kwaleji ne ya ɗiga masa jan fenti a ido don a tashe shi a bikin bara, kan kuma ba a cire shi saboda yana yi wa baƙi kyau a hoto. Kaka ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce duk wanda ya tashi dodo shi ke da alhakin kwantar da shi. Ya tuna mini yadda ake yi wa na garinmu da an gama biki: a cire kai a rufe masa ido da jan ƙyalle a kai zauren kakanni, gangar jikin kuma a binne ta a taɓon rafi, duk abin da ya gani a shekarar, nasara ko faɗuwa ko jini, taɓo ya shanye. Ya ce namu ya kusa shekara idonsa biyu da abin da ya gani, mu kuma muna hawa bayansa muna tambayar me ya sa yake karkata. Na ce Kaka, na roba ne fa, daga masana'anta aka kawo shi. Ya ce roba ko gwangwani, wa ya aike ku ku buɗe masa ido?

Ba zan ce maka na yarda ba. Amma an ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ko da yake karin maganar nan yanzu ba na son jin ta. Na roƙi Kawu Shing motarsa ta dakon kifi. Malam Poon ya ce shi bai ji ba bai gani ba, amma a ɗaure jirgin da kyau. Na aika wa kowa, har waɗanda suka janye, kuma ga mamakina duk suka zo. Dattawan gari suka fara gunaguni wai mata ba sa taɓa jirgin dodo, Kaka ya ce wannan ɗan roba ba shi da kakanni balle su yi fushi, a bar 'yan mata su yi aikinsu.

Muka cire kan muka ajiye a gaɓa, muka tura jirgin cikin rafin bayan zauren kakanni, kusa da inda na gari yake kwance. Sai ga abin da Kaka bai hango ba. Shi jirgin katakon da ya saba da shi, da an cika shi da ruwa yake sauka da kansa. Namu kuwa mu danna gaba, baya ya taso. Mu danna baya, gaba ya ɗago yana kallonmu. Mutanen gari suka cika gaɓa suna dariya, tsohuwar nan mai sayar da awara tana kwaɗa wa Kaka kira da sunansa wai Bing, dodon jikarka ba ya jin barci, ko a goya shi ne? A nan ne Ɗan Arewa ya buɗe baki karon farko, ya ce su a garinsu yaron da ya ƙi kwanciya zama ake yi a kansa. Haka kuwa aka yi. Kowa ya hau ya zauna a bencinsa, jirgi ya sauka da mu har ruwa ya kai ƙirji, su Baba da Kawu suna miƙo mana taɓo da duwatsu a kwanoni muna zubawa tsakanin ƙafafunmu.

Muna zaune muna jiran taɓo ya kama shi, sanyi ya fara shiga ƙashi, dariya ta ƙare. Can sai na ji an buga gefen jirgi daga baya, sau biyu, sannan ƙwas. Na waiwaya, ashe Dayong ne, hawaye na zuba a fuskarsa, ya ce shi dai a gaya masa gaskiya, shi kaɗai ne yake jin abin nan ko kuwa? Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka fara magana. Wannan a injin wanki yake ji, waccan a takun matakala, wani ya ce abin da ya sa ya janye ke nan, ya ɗauka kansa ne ya taɓu. Watanni muna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya. Cikin sababbin wani ya dafa bayan na gabansa.

Yuk-Ling tana zaune a mazaunin ganga tana fuskantata, ruwa har wuya, leɓɓanta sun yi shuɗi. Murya ƙasa-ƙasa ta ce mini, Yaya Sau-Man, ta san ba ta kai Fai ba kuma ba za ta kai ba. Amma kada in ga laifin na baya, su filafilina suke bi, ni kuwa tunda ta hau gangar nan ban taɓa kallon fuskarta ba, saman kanta nake kallo. Wallahi sai da na ji kamar in kwaɗa mata mari, don ta faɗi gaskiya. Da jirgi ya zauna muka fito, Kaka ya miƙo mini jan ƙyallen ya ce shugaba ke rufewa. Na durƙusa gaban kan dodon, hannuna ya ƙi. Na daɗe a haka kowa yana jira. Sai na ce, Fai, sauka, mun iso gaɓa. Na ɗaure ƙyallen. Ranar nan Mama ta dafa mana shinkafar da ake yi wa 'yan jirgi da barkono da gyaɗa, muka ci a tabarma ɗaya muna ɗigar da taɓo.

Farkon watan nan, ranar da gari ke tashin nasa jirgin, muka tono namu tare da shi, aka wanke su da ganyen lemo, Kaka ya ɗiga jan idon da hannunsa. Muka hau. Na ɗaga kai na kalli Yuk-Ling, na ga ashe cije leɓe take yi kafin kowane bugu. Ta buga, na soka, na baya suka soka, jirgin ya tafi miƙe kamar an ja shi da zare har ƙarƙashin gada. Washegari Malam Poon ya shigar da sunanmu gasa. Yanzu tebur ɗaya suke ci, Ɗan Arewa ya dawo da tsiyarsa, har yana ce wa Yuk-Ling in iska ta taso a ɗaure ta da igiya a jikin ganga. Ƙungiya ta tsira, kuma ina alfahari da su.

Sai dai a hanyar komawa gaɓa ranar, suna ihu suna watsa wa juna ruwa, na sa yatsa a benci don in buga kiɗansa ni kaɗai. Ban iya ba. Da baki zan iya bayyana maka shi, kamar yadda na yi a sama, amma hannuna ya rasa inda ƙwas ɗin yake faɗawa. Na yi ta gwadawa har yau. Bututun ruwa ya koma bututun ruwa, hazo yana sauka babu kowa a cikinsa. Abin da na nema na samu, amma ji nake na sake rasa shi, wannan karon kuma da hannuna na rufe. Ina kewarsa fiye da ranar da aka kawo gawarsa gida.

Jiya Mama take ce mini ai kai ka koya masa kiɗan nan, a bayan kwanon wankinta, tun bai kai tsayin tebur ba. Don haka ga roƙona, Yaya. In har yana nan a hannunka, kada ka buga mini a waya, ko da na yi kuka na roƙe ka, kuma na san zan roƙa. Akwai yara a bayana da suke bin filafilina. Ka riƙe shi can wurinka, inda babu jirgin da zai karkatar. In an tashi aiki ka ɗan buga shi a kan katakon yankan nama, kada ya ɓace a duniya gaba ɗaya.

Baba da Mama suna sa maka albarka. Kaka ya ce a tambaye ka ko har yanzu kana ƙona agwagwa. Kawu Shing da Gwaggo Lai-Fong suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Yaya Mei-Kwan da Baffa Hon-Keung, ka sumbaci Siu-Yin a goshi, in ta yi wayo kuma ka koya mata kiɗan.

Ƙanwarka mai begenka,
Sau-Man