Ƙwanson Giyabos na Uku

Litinin, 2 ga Yuni

An jawo a-kori-kurar Kawu da igiya. Ƙwanson giyabos ya sake tsagewa ta baya, daidai inda farfela, sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ke shiga. Karo na biyu ke nan cikin wata uku. Mai duk ya tsiyaye, ƙasan motar baƙi ƙirin.

Ni na ɗaga motar nan da hannuna: na ƙara sifirin, na sa manyan tayoyi, na sa aka ƙara wa farfela tsawo, don ta daina goga ciki a hanyar gona. Ranar Kawu sai zagaya ta yake, wai ɗan ƙanwarsa ya mai da masa tsohuwa budurwa.

Yau ya ce, "Wai me ke cin abin nan ne?" Na ce, "Kawu, ƙarfe ba ya fashewa haka kawai, sai an ci zalinsa." Ban kama sunan kowa ba. Amma Dogo direba yana tsaye a wurin, kuma shi Kawu ya juya ya kalla.

Laraba, 4 ga Yuni

Na samo wani ƙwanson na ɗaura. Ban duba komai ba bayan wannan. In duba me? Aikina ne.

Talata, 17 ga Yuni

Kawu ya sallami Dogo. Shekara bakwai yana jan motar.

Ya biyo ta gareji karɓar sifanarsa da na ara. Ya ce, "Injiniya, wallahi ramin da kaza za ta tsallake ma sai na taka birki. Tunda aka ɗaga ta, in ta ɗauki kaya ina jin ƙum, ƙum a ƙarƙashin kujera. Ai na gaya maka."

Ya gaya mini, kam. Sau biyu. Na ce masa sabon sifirin ne bai zauna ba.

Matarsa ta kusa haihuwa. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Kawu ya kawo ta juyen mai, shi ke tuƙa kayarsa yanzu. Cike take da buhunan taki. Tunda na ɗaga ta ban taɓa shiga ƙarƙashinta tana ɗauke da kaya ba sai yau.

Na haska. Bakin farfela ya shige giyabos har ƙurewa, ko farce ba zai shiga tsakani ba. Wurin ya goge fes, yana walƙiya, alamar an daɗe ana dukansa. Ya kamata a ce akwai ratar yatsa biyu, wadda farfela za ta riƙa shiga da fita in mota ta dira rami.

Sai na tuna. Tana kan jak na auna tsawon, tayoyi na reto. Ban sauke ta na sake aunawa ba, ina sauri. Wato kowane rami, farfelata ce ke naushin giyabos.

Na daɗe a ramin garejin har Kawu ya leƙo. "Lafiya dai?" Na ce lafiya lau. Na ce ya kawo ta Asabar ba kaya, akwai ɗan abin da zan ɗaure.

Ɗan abin da zan ɗaure!

Asabar, 5 ga Yuli

Bai kawo ba, wai aiki ya yi yawa. Na kira, na ce ya dai riƙa rage kaya. Iyakar abin da bakina ya iya.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ƙwanson ya fashe a gangaren hanyar gona. Farfela ta zare ta caki ƙasa, mota ta yi tsalle ta faɗa kwalbati. Hannun Kawu na dama ya karye wuri biyu. Allah ya tsare, ba kowa a baya.

Asabar, 12 ga Yuli

Na gaya wa matata. Tana ninke kayan yara, ba ta ɗago ba. "Kwana tara ka sani?" Na ce e. Ta ce, "To ni me kake so in yi maka? Ba motata ba ce, ba hannuna ba ne."

Lahadi, 13 ga Yuli

Asibiti. Na jira masu dubiya suka fita, na faɗa masa duka, har da awon kan jak, har da ranar juyen mai. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Yana kallon fankar sama ya ce, "Kuskuren awo kowa na yi, ɗana. Shirun ne ban san inda ka koyo shi ba." Sai kuma, "Hannu zai ɗoru. Yaron mutane da ka sa na kora fa?"

Talata, 22 ga Yuli

Na rage farfela, na ɗaura ƙwanso na uku. Na loda buhu ashirin na auna, na sauke na auna. Yatsa biyu cif. Aikin awa uku ne kacal. Awa uku.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na samu Dogo a gidan bulo, lodi yake, ba tuƙi ba. An haifa masa mace. Na yi bayani ina in'ina, ya goge hannu a wando ya ce, "Ai ni na san ba ni ba ne, Injiniya. Surukina ne bai sani ba. Har yau cewa yake 'yarsa na auren mai kashe motar mutane. In da gaske kake, shi za ka je ka gaya wa."

Na ce Kawu yana so ya dawo. Ya ce zai yi shawara.

Talata, 5 ga Agusta

Na je wurin surukin tun Lahadi. Tsohon ya sa na maimaita a gaban 'ya'yansa maza uku. Na maimaita. Ban mutu ba.

Dogo bai koma ba tukuna. Kawu yana amsa gaisuwata, a taƙaice.

Yau wata malamar makaranta ta dawo da motar da na gyara mata makon jiya, wai tana jin ƙara amma ba ta iya kwatantawa, kada in yi mata dariya. Ban ankara ba na ji kaina ina cewa, "Wataƙila daga aikina ne, Malama. Shiga ki ja, ni zan zauna a gefe in saurara." Mun zagaya unguwa sau uku kafin na ji ta.

Ba wani abu ba ne. Da ma yau ba aiki sosai.