Sarƙa mai haƙora a wuyan Duna, da abin da ɗan garinmu ya faɗa a kaina

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan ciki. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa, wani lokacin sai in ce maganar kare ce, dariya za a yi min, a garin Makka mutum ya rasa abin da zai kawo wa jama'a sai kare, wani lokacin kuma sai in ji tsoron kada ya zama na ci naman ɗan uwana. Amma jibi Juma'a za a yanke hukunci a kan aikina, kuma wanda na saba kai wa damuwata shi ne ya jefa ni a ciki. Don girman Allah ku ba ni shawara.

Ni mai gadi ne a wani garken tumaki a bayan gari, shekarata huɗu a wurin. Kafilina, wato ubangidan da takarduna suke hannunsa, dattijo ne, a unguwar Rusaifa yake zaune, haifaffen nan ne amma kakanninsa Hausawa ne, yana jin Hausa sarai, sai dai in ransa ya ɓaci Larabci yake komawa. Ammi muke ce masa. Tumaki yake kiwo ya sayar lokacin Hajji. Bara karnukan da ke yawo a bayan gari suka shigo ta ƙarƙashin waya suka kashe 'yan raguna uku, shi ne Ammi ya kawo wani baƙin kwikwiyo mai manyan ƙafafu ya ce in raine shi ya zama mai gadin garke. Na sa masa suna Duna.

Dole in faɗa muku halina don ku gane sauran. Ina da waswasi tun ina yaro, alwala ɗaya sai in maimaita ta har ruwan buta ya ƙare. Da aka kawo karen na tambayi malamai biyu a unguwar Mansur, ɗaya ya ce a mazhabar da muka taso a kai kare mai rai ba najasa ba ne, ɗayan ya ce in yawunsa ya taɓa abu sai wanki bakwai har da ƙasa. Na ɗauki mai tsananin don in fita daga shakka. Na ware riga da wando na kare, na sayi safar hannu ta roba, kwanon abincinsa ma da sanda nake tura masa. Ban taɓa barin shi da yunwa ko ƙishirwa ba, Allah shaida ne, amma ban taɓa ɗora hannuna tsirara a jikinsa ba.

Ammi ya ce in riƙa zagaya garken da shi a igiya safe da yamma don ya san iyakar wurin. To Duna akwai ja. Da ya hango tunkiya ko leda tana tashi sai ya fizge ni, ya taɓa kayar da ni a kan tsakuwa na yi sati ina ɗingishi, in kuma na ja shi baya sai ya juyo ya yi tsalle yana lasar rigata, ga magariba ta gabato, ni kuma sai wanka da canza kaya. Abin ya dame ni sosai, shi ne na kai kukana wurin wani ɗan garinmu, zan kira shi Yaya Sale, ba sunansa ba ne.

Wannan mutumin shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan. Wata shida na yi a ɗakinsa a Mansur, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Lokacin da mahaifiyata ta zo umara ban samu izinin barin garke ba, shi ya tura ta a keken marasa lafiya ɗawafi da sa'ayi, har yau Inna tana sa shi a addu'a. Liman yake ce min saboda yawan tambayata a kan halal da haram, ban taɓa jin haushi ba. Ya taɓa aiki a Jidda a gidan hutun wani mai karnuka, don haka da ya ce ya san maganin ja, ban yi shakka ba.

Ya zo da wata sarƙar wuya ta ƙarfe, zobe-zobe ce da ake harhaɗawa, kowane zobe da haƙora biyu marasa kaifi suna kallon ciki. Ya ce in kare ya ja sai ta tsuke ta mintsine shi, in ya daina ja ta saki. Ina ganinta na ce Yaya wannan ba azabtar da dabba ba ne? Ya yi dariya ya ce, "Haba Liman, da za a bi ta taka ko sauro ba za a kashe ba. Kawo hannunka." Ya naɗa min a dantse ya ja, na ji matsi amma ba ciwo. Sannan ya cire zobe biyu ya ɗaura wa Duna ita ta kama wuya tam, ya ce haka ake so, kada ta riƙa juyawa. Na tambaye shi ko in an dawo zagaye cirewa ake yi, ya ce a'a. Washegari zuciyata ba ta kwanta ba na sake tambayarsa a waya, sai ya turo min saƙon murya, ga abin da ya ce: "Liman wallahi ka cika tambaya. Na ce maka kada ka cire, bar masa ita dare da rana, igiyar ɗaurinsa ma a jikinta za ka maƙala. In kana cirewa karatun zai manta."

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Da na ji wannan saƙon daɗi na ji. Cire sarƙar sai da hannu biyu a daidai bakin kare, safe da yamma, ga yawu. Da ya ce a bar ta sai na ji kamar an sauke min kaya, ban sake tambayar kowa ba, ni da nake tambayar malamai biyu a kan abu ɗaya.

Cikin kwana uku Duna ya daina ja, yana tafiya a gefena kamar tunkiya. Ammi ya gani ya yi mamaki, ya ce wa ya yi wannan aiki, ni da bakina na yabi Yaya Sale, ni na kai shi ya gaishe shi. Ammi ya haɗa shi da abokansa masu garake da gidajen hutu, ya samu wurare huɗu da yake zuwa horar da karnuka. Har ya saya min turare ya ce Liman ka zama tsanina.

Wata biyu sarƙar tana wuyansa. Karen yana girma a kan idona, ina ma alfahari da yadda ƙirjinsa ke buɗewa, amma bai taɓa zuwa min a rai ba cewa wuyan yana girma ƙarfen kuma yana nan yadda yake. Ga zafin Makka, ƙarfe a rana kun san yadda yake. Ya fara ƙin sunkuyawa ya sha ruwa sai ya kwanta tukuna, yana yawan susa da ƙafar baya, haushinsa ya dushe. Na faɗa wa Yaya Sale, ya ce zafi ne, in ƙara masa inuwa, na ƙara. Akwai wani wari da nake ji in na zo maƙala igiya, na ɗauka haka warin kare yake, tunda ban taɓa kusantar kare ba balle in san bambanci. Gashin wuyansa mai yawa ne, baƙi, ya rufe komai.

Ranar Litinin ta makon jiya da safe likitan dabbobi ya zo yi wa tumaki allura, wani ɗan Sudan ne. Yana wucewa ya ga ƙudaje a wuyan Duna, ya tsuguna ya buɗa gashin. 'Yan uwa ba zan iya kwatanta muku duka ba. Haƙoran sun nutse, a wasu wuraren nama ya hau kan ƙarfen, sai da ya yi masa allurar barci ya yanke zoben da fulaya ɗaya bayan ɗaya. Ya ce irin wannan sarƙar in ma za a yi amfani da ita, lokacin tafiya kawai ake sa ta, a sama can bayan kunnuwa, a cire da an dawo, ba a ɗaure kare da ita, kuma kare mai tasowa kullum sai an duba an ƙara zobe. Sannan ya dube ni ya ce, kana sallah sau biyar a gefen wannan dabbar ba ka ji halin da take ciki ba? Likitan ne ya kira Ammi.

Ammi ya ce mu same shi a gida bayan la'asar, ni da Yaya Sale. A hanya na kira Yaya Sale, ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, in bar masa maganar shi zai yi bayani. Na ji sanyi, na zaci zai ce kuskurensa ne. Da muka zauna a majalisin Ammi sai Yaya Sale ya fara da Larabci, da sauri, ya san nawa Larabcin na kasuwa ne, amma na gane abin da ya faɗa. Ya ce sau uku yana gaya min in riƙa cire ta bayan kowane zagaye. Ya ce matsalata waswasi ne, ba na taɓa kare, a tambaye ni in na taɓa sa hannu a jikin Duna ko sau ɗaya. Abin da na faɗa masa a matsayin yayana, a ɗakinsa, shi ya ɗauko ya ajiye a gaban kafilina. Ammi ya juyo ya tambaye ni da Hausa ko gaskiya ne ban taɓa taɓa karen ba, na ce gaskiya ne. Ɗaya tambayar, ko da gaske an ce min in riƙa cire sarƙar, bai yi min ita ba, ni kuma ga wayar a aljihuna da saƙon a ciki, na kasa ciro ta. Sai Ammi ya ce, "Ya waladi, wanda bai duba wuyan kare ɗaya ba, yaya zan bar masa wuyan tumakina duka?" Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, wata mai zuwa za ta ƙare. Ya ce in zo bayan sallar Juma'a ta wannan makon, zai gaya min ko zai sabunta ko in shirya komawa gida. Ina da mata da 'ya'ya uku da Inna, duk wannan aikin suke kallo.

Da muka fito Yaya Sale ya ja ni wurin mai shayi a Mansur. Bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi ni Ammi yana sona, faɗa zai yi ya huce, shi kuwa in maganar ta fita wurare huɗu zai rasa rana ɗaya, kuma na san takardunsa ba a kan wannan aikin suke ba. Ya ce ai bai yi ƙarya duka ba, ko na taɓa karen? Ya ce in goge saƙon nan don Allah, in rufa masa asiri. Bai ambaci ɗakin da ya ba ni ba, amma da zan tashi sai ya ce, "Yaya ƙafar Inna, ta samu sauƙi? Ka gaishe ta." Na ce masa zan goge. Ban goge ba, wannan ma ƙarya ce na yi, tana damuna. Tun ranar bai sake kirana ba sai sau ɗaya, ya ce Liman an gama wancan aikin? Wato goge saƙon. Na tambaye shi sauran karnukan da yake horarwa fa, haka ya ɗaura musu? Ya ce ya gyara. A da in ya ce abu shi ke nan, yanzu ban sani ba.

Ni nake wanke wa Duna ciwon safe da yamma da ruwan maganin da likita ya bari. Na ajiye safar, domin da ita ba na jin inda ya kumbura. In na gama sai ya ɗora kansa a gwiwata, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Abinci ba ya shiga min. In na ce zan kunna wa Ammi saƙon sai in ga Inna a keke a gaban Ka'aba da mutumin nan a bayanta yana turawa. In na ce zan yi shiru sai in tuna ya dubi idona ya ce sau uku. Wani lokacin kuma sai in ce to ai ni ne nake tare da karen kullum, ba shi ba, ko ya ce kada in cire ai ina da ido da hanci, kada in je in wanke kaina da laifin wani alhali nawa ya fi.

Shi ya sa kafin ku ce min in faɗa ko in yi shiru, akwai abin da nake so waɗanda suka sani su gaya min. Duk wanda ya taɓa amfani da irin wannan sarƙar, ko ya yi aiki wurin masu karnuka, shin abu ne da kowa ya sani cewa ba a barinta a wuya, har wanda bai taɓa riƙe kare ba ya kamata ya gane da kansa? Shi ya kawo min ita a leda ba kwali, ban san ko akwai rubutu a jiki ba. In kun ce min ko jahili ya kamata ya gane, zan goge saƙon in je in karɓi abin da Ammi ya yanke. Sannan waɗanda suka daɗe a ƙasar nan suka san kan takardu, in na kunna wa kafilina wannan saƙon, abin zai iya tsayawa a rasa aiki, ko zai iya kaiwa a kama Yaya Sale a mayar da shi gida? Yana da 'ya'ya biyar. Don Allah wanda ya san amsar ya rubuta a ƙasa kafin gobe da yamma, Admin zai turo min.