Motar Jego Tana Ƙofar Gida, Takardarta Tana Hannunka

Zuwa ga Alhaji Ɗanladi, mai filin sayar da motoci na High Point Road, nan Amurka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya iyali, ya kasuwa? Ni ce Hajiya Kande, ƙawar marigayiya kakarka, wadda ke kiran ka angona tun kana yawo ba wando. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ka yi haƙuri da rubutun. Na roƙi a karanta wasiƙar nan a taron 'yan ƙungiyarmu, domin wayarka ta daina gane muryata.

Na farko. Autata Rabi ta yi haihuwar fari a Kanada, ba uwa ba inna kusa da ita. Likita ya hana ni jirgi da dogon zama tun da aka yi min aikin ƙugu. Shi ya sa babban yarona, wanda kun san ba na faɗin sunansa, ya sayi mota mai ɗaki a wurinka, mai gado da murhu da makewayi, don in je wankan jego a kwance kamar amarya. Ya biya, kuka yi musabaha, kuka shafa Fatiha. Takardar mallaka ka ce tana tafe. Bai matsa ba, wai kunya yake ji ya tambayi ɗan gida takarda kamar yana zargin sa. Ni ma na ce ya kyauta.

Na biyu. Muka loda tukunyar wanka, kanwa, garin kunu, yaji da kilishi, muka ɗauki hanya. A bakin iyaka jami'in bai tambayi Fatiha ba. Fasfo ya nema, muka ba shi. Ya nemi shaidar rajista, sai ga sunan kamfaninka. Ya ce to ina wasiƙar izinin mai motar, mai hatimi? Babu. Ina katin inshorar da ke aiki a ƙasarsu? Babu. Ya zagaya baya, ya ga lambar mota ta wucin gadi, ta kwali, da ka liƙa mana ta wuce wa'adi. Yarona ya ce ai mai motar ɗan'uwanmu ne. Mutumin ya ce ya yarda, amma a nuna masa a rubuce.

Aka juyo da mu. A ɓangaren Amurka kuma aka zazzage motar, aka tsare yarona a wani ɗaki kamar ɓarawo, ni ina kan benci da sandata. Kilishina ma can ya kwana. Ina hango gadar da ke kan iyaka, an ce bayanta ƙasar da 'yata take. Angona, ban taɓa jin nisa irin na ranar ba.

Na uku, wanda shi ne ke hana ni cin abinci. An yi suna ba ni. Mijin Rabi yana fita aiki, ita kaɗai ke wuni da jariri. Da katin waya nake koya mata gasa cibiya, katin ya ƙare tana tsakiyar tambaya. Shekaranjiya ta ce min, "Inna, bayana ciwo yake, kuma ina tsoron ɗaukar sa in yi masa wanka." Na yi mata tsiya, na ce raguwa ce, ta yi dariya. Da na ajiye wayar ni ce na yi kukan. Arba'in ta riga ta raba tsakiya.

Ban ce ka cuce mu ba. Cewa na yi ka ɗauki amanarmu da wasa, mu kuma muka ɗauki kunya muka tafi da ita inda ba a san ta ba. 'Yan'uwa masu sauraro, ku nemi takarda ko a hannun wanda kuka goya.

Roƙona: ka mayar da takardar mallaka da sunan yarona, a karɓo lamba ta gaske, mu kuma mu gyara inshora. In hakan zai ja lokaci, ka ba mu wasiƙar izini mai hatimi kafin Juma'a. In duk sun gagara, ka aiko min da takardar sakina, kodayake na san ita ma za ka ce tana tafe.

Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya jiƙan kakarka, Ya sa in taka 'yar ta haihu a samu mai dafa mata ruwa. Motar tana ƙofar gida, ban sauke tukunyar ba.

Wassalam.

Hajiya Kande,
Greensboro.