Gwiwar Dabo

Kano, 2 ga Maris, 1976

Zuwa ga Adda Zahara'u, a Maruta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Malam Ƙasimu da yara da dabbobi.

Adda, ki daina cewa na ɗauke miki ɗan fari na kai shi wasan yara. Ƙwallon kwando sana'a ce yanzu. Duk sunayenmu na cikin ma'aikatan kamfanin sabulun Alhaji Ɗanbala, amma wallahi ko kumfa ba ma taɓawa. Aikinmu mu jefa ƙwallo cikin zoben ƙarfe da sunan sabulu a ƙirjinmu, jama'a su gani su je su saya. Ni ne kyaftin. Alhaji ba ya magana da kowa sai ni, yaran ma ba sa kai kuka sai ta bakina.

Dabo kuwa, tubarkalla! Tun da na ɗauko shi daga sakandaren Birnin Kudu ba a ci mu ba. Har hotonsa an buga a kalandar kamfani. Ranar Asabar ya yi tsalle ya faɗo da gwiwa a kan siminti, na ji ƙarar daga inda nake, amma ya miƙe yana murmushi. Na ce wa Alhaji, yaron da ya sha bulalar shaɗi a kasuwar Gwaram bai ƙifta ido ba, siminti ne zai ba shi tsoro? Zai zo muku hutun Mauludi.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Hambali

Maruta, 21 ga Maris, 1976

Zuwa ga Hambali.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiyar Allah. Malam Ɗanladi na firamare ne ke rubuta mini, don haka ka auna abin da zan iya faɗa.

Ɗan naka ya zo, ya koma. Ka san ba ni da bakin tambayarsa lafiya, a gidanmu uwa ba ta tsayawa kan ɗan fari, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Amma ba a hana ido gani. Ta kafar zana na ga yana salla. Idan zai tashi daga sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu kamar kakansa. Ƙanwarsa Hapsatu ta kai masa fura ta tarar ya ɗaure gwiwar da tsumma, ya harare ta ya ce kada ta faɗa.

Kai da kake yabon shaɗi, ka manta abin da ake koya musu a can? Ba cewa ba zafi ake koya musu ba, rufe baki ake koya musu. Idan ka jira ya ce maka wayyo, za ka daɗe kana jira. Ko sa ne ya fara ɗingishi, kwance masa garma ake yi.

Na faɗi fiye da abin da ya kamata, har Malam Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Amana ce a hannunka. Allah ya tsare.

Yayarka,
Zahara'u

Kano, 9 ga Afrilu, 1976

Adda, barka da war haka, da fatan kun wuni lafiya.

Maganarki ta shige ni. Na kira Dabo ɗaki na ce ya ɗaga wando. Gwiwar ta kumbura kamar ƙullun ƙosai, shi kuwa yana ta cewa, "Ba komai, Kawu." Raina ya ɓaci, na tafi wajen Alhaji na durƙusa na ce a hutar da yaro.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Hambali, wasan ƙarshe na Kaduna ba wasa ba ne. Manyan da za su ba ni kwangilar sabulun makarantu na gayyata, kuma yaron da ke kan kalanda za su zo gani. Kai ka ce mini ƙarfe ne. Yau kuma ka ce laka ne?" Ya ƙara da cewa in babu kwangila babu ƙungiya, kowa ya kama gabansa.

Adda, akwai masu mata da 'ya'ya a cikinmu, babu wanda ya iya wata sana'a. Na tara su na gaya musu. Babu wanda ya ce a sa shi, babu kuma wanda ya ce kada a sa shi, kowa ya zuba mini ido. Ashe shugabanci ke nan. Dabo da kansa ya miƙe ya ce zai buga, kada a ce ɗan Maruta ya gudu.

Akwai mai allurar da Alhaji ya kawo, yana soka masa a gwiwar kafin atisaye, zafin ya ɗauke. Na yanke shawara ba zan sa shi ba sai ƙarshen wasa, in ta kama dole. Ki taya mu da addu'a, kada ki yi fushi da ni.

Hambali

Kaduna, 3 ga Mayu, 1976

Adda, assalamu alaikum.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dabo yana raye, wannan na fara faɗa miki. Ki sa Malam Ƙasimu ya zauna kusa kafin a ci gaba da karantawa.

A wasan, an fi ƙarfinmu tun farko. Alhaji ya aiko direbansa ya raɗa mini cewa baƙi sun fara duba agogo. Na waiwaya, Dabo ya riga ya cire rigar sama. Na ɗaga masa hannu ya shigo. Ya jefa uku, fili ya ɗauki ihu, muka wuce su. A ta huɗu ya sauko, ƙafar ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Ko a nan bai yi ƙara ba, leɓensa kawai ya ciza har jini.

A asibiti likita ya ce wurin allurar ya daɗe da yin ruwa a ciki, jijiyar jini kuma ta tsinke. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma yatsun suka yi baƙi. Jiya aka yanke ta daga saman gwiwa. Ni na sa hannu, don ni ne nasa a nan. Da ya farka ya ɗaga bargo ya duba, ya mayar, ya ce, "Kawu, mun ci?" Na ce mun ci. Na fita baranda na yi kukan da shi ya ƙi yi.

Alhaji ya samu kwangilarsa. Ya biya asibiti, ya ce Dabo zai iya zaman gadi a bakin ƙofar kamfani. Ni kuma ya ba ni manajan talla da mota, ya ce na iya tafi da mutane. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Yaran ƙungiya suna roƙona in karɓa. Ki gaya mini abin da zan yi, ko zagi ne ina so in ji daga gare ki.

Ƙaninki,
Hambali

Maruta, 30 ga Mayu, 1976

Hambali, salamu alaikum.

Motar kamfani ta kawo shi, da katan na sabulu. Kai ba ka zo ba.

Sandunan asibiti sun yi masa gajarta. Ubansa ya wuni a daji kafin ya samu icen da ya kai tsawonsa.

Zancen kujerarka, tsakaninka da Allah.

Direbanku ya ga Sabo, ƙanin ɗan naka, yana shigo da shanu, ya tsaya yana kallonsa daga ƙasa har sama, ya tambayi shekarunsa, ya ce Alhaji zai so ya gan shi. Da asuba na haɗa Sabo da masu tafiya mashekari, inda shanu za su yi damina. Kada ka tambaye ni wane daji suka nufa.

Allah ya sa mu gama lafiya.

Zahara'u