Shanun Baffa Sambo a cikin memori

Talata, bayan isha'i.

Na kasa cin tuwo. Har yanzu ƙaurin nan yana hancina.

Da hantsi Baffa Sambo ya zo shagona na kwamfuta a Ƙofar Dumi daga rugarsu ta bayan Zungur, da memori ƙunshe a leda cikin hularsa. A wata kasuwa aka kama shanunsa da aka sace, 'yan banga suka ce sai ya kawo hotonsu kafin a ba shi. Hotunan suna cikin memorin tsohuwar kyamarar ɗansa, irin babban nan da ba ya shiga waya.

Dama ina da na'urar karanta memori mai ramuka da yawa, tana ajiye a kwali. Na cire murfin kwamfuta, na zura ta a gurbin gaba, na ɗaure da sukuru. Wayarta ce na soka a baibai. Na ji ba ta zauna ba, amma don gaggawa na danna da ƙarfi. Kuma maimakon in gwada da nawa memorin, nasa na fara sakawa. Sai ƙauri ya tashi.

Na zaga shagunan abokai, babu inda memorin ya buɗe.

Da na gaya wa Baffa Sambo bai yi faɗa ba. Da ma zagina ya yi. Kwamfutar ya duba ya ce, "Ɗana, in na faɗa maka kamannin shanun ɗaya bayan ɗaya, ba za ta iya zanawa ba?"

Ya fara da fara mai karyayyen ƙaho. Ni kuwa na zauna ina gyaɗa kai, kamar akwai abin da zan iya.