Wayarin Baba

Litinin, 3 ga Maris

"Ba ya cizo, sai in kin taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu." Umma ke nan, tana maganar firji kamar karen maƙwabta. Tsumma take naɗewa a hannu kafin ta buɗe shi. Famfon banɗaki ma haka. Na taɓa, ya fizge ni har gwiwar hannu. Ta ce ai ta gaya mini.

Na kashe komai na gidan, na je na tsaya gaban mitar wuta. Tana tafiya abinta. Wutar tana zurarewa cikin bango, muna zaune a tsakiya muna shan shayi.

Talata, 4 ga Maris

Mai gyaran wuta ya zo. Robar wayoyin cikin bango ta ruɓe. Ya tona bayan kicin, inda Baba ya binne ƙarfen da ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Tsatsa ta cinye shi, wayar ta rabu da shi tuntuni. Yanzu in wuta ta ɓace, hanyarta ta zuwa ƙasa ita ce duk wanda ya taɓa famfo ba takalmi. Wato Umma.

Tun rasuwar Baba kullum da safe take zuba wa wurin ruwa, yadda yake yi, wai jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi karɓar wuta. Gaskiyarsa ce. Sai dai ramin banza take shayarwa. Ban gaya mata ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mun yi faɗa. Na ce a sake wayarin duka, ko ta tattara ta biyo ni. Ta ce da hannunsa Baba ya ja kowace waya, ina goye a bayanta tana miƙa masa filaya. Na yi mata bayani tiryan-tiryan kamar a aji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin gama, Dakta? Abincinki ya huce."

Yaya ya kira daga nesa, ya ce a bi ta a hankali. Daga nesa kowa mai haƙuri ne.

Asabar, 8 ga Maris

Na same ta zaune a ƙasan banɗaki, ta rungume hannunta na dama. Wai santsi ne. Takalmanta na bakin ƙofa.

Laraba, 12 ga Maris

Ta yarda, amma kada a fasa bango. An bi saman bangon da sababbin wayoyi cikin fararen robobi, munana, an kafa sabon ƙarfe. Na Baba an yanke su daga tushe, suna ciki. Mai gyaran ya tambaya ko ya cire tsofaffin makunnan. Umma ta shiga ɗaki. Ni na ce ya bar su, wai don kada a ɓata fenti.

Lahadi, 16 ga Maris

Mita tana tsayawa in an kashe komai. Famfo famfo ne kawai. Na yi nasara, ina jin.

Yau zan koma. Umma ba ta rako ni ba, ta ce ƙafa. Daga ɗaki ta ce in kashe fitilar falo in zan fita. Na ajiye jaka, hannuna ya tafi inda ya saba zuwa tun ina ƙarama ina ɗage. Ƙas. Fitilar tana nan a kunne. Na daɗe kafin na nemi sabon makunnin.

Na ja ƙofar a hankali, kada ta ji na tsaya.